Malami a Aji, Baƙo a Titi: Shekarata ta Farko a Beijing

A ƙarshen watan Agusta na shekarar 2016 na sauka a birnin Beijing domin in koyar da harshen Hausa a wata jami'a da ke gundumar Haidian, wato ɓangaren arewa maso yammacin birnin, inda manyan makarantu suka taru. Mutane da yawa a gida sun yi mamaki da suka ji cewa akwai Basinen da zai zauna shekara huɗu yana karatun Hausa, alhali kuwa abin ya daɗe, domin tun 1963 gidan rediyon ƙasar Sin yake watsa shirye-shirye da Hausa, kuma kamfanoninsu da ke aiki a Najeriya da Nijar suna neman masu jin harshen. Wata guda kafin tafiyata aka buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna, wanda kamfanin Sin ya gina, matatar man da ke kusa da Damagaram kuwa tun 2011 take aiki da jarin Sinawa. Ɗalibaina sun san abin da ya kawo su, ni ma na san abin da ya kai ni.

Duk wanda na je yi wa sallama kafin in tashi sai ya ja mini kunne a kan sanyi da abinci da harshe. Na gamu da dukansu, kuma kowanne ya zo da sauƙi fiye da yadda aka kwatanta mini. Wahalar da ta fi daɗewa tare da ni ta wani fanni ce daban: mutum da girmansa, da iyalinsa, da shekarun da ya yi yana koyarwa, ya wayi gari ya tarar ba zai iya biyan kuɗin wuta ko karanta takardar da aka liƙa a ƙofar gidansa ba sai ya nemi taimako, kuma galibi mai taimakon yaro ne da bai wuce sa'ar ɗansa ba.

Takardu ne suka fara tarbata. Dokar ƙasar ta ce baƙon da bai sauka a otal ba ya yi rajistar wurin kwanansa a ofishin 'yan sanda na unguwa cikin awa 24, sannan bizar aikin da ya shigo da ita ta kwana 30 ce kawai, a cikinsu ne zai mayar da ita takardar izinin zama. Kafin a kai ga wannan sai an je asibitin da aka keɓe wa baƙi an ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙirji, an auna bugun zuciya da ƙarfin ido. Kowace takarda tana jiran wata, kuma babu wadda take da daraja sai an buga mata jan hatimi. Sa hannun shugaba, komai girmansa, ba ya maye gurbin hatimin, idan kuma mai riƙe da shi ya tafi taro, to sai a dawo gobe. Wajibi ne in faɗi cewa ban taɓa ganin ma'aikacin da ya nemi na goro ba, kuma ranar da aka rubuta a rasit cewa fasfo zai fito, ranar yake fitowa. Sai dai a makonnin da fasfon yake hannun hukuma mutum ba shi da abin da zai buɗe asusun banki da shi, albashi kuwa ta banki kaɗai ake biya. A cikin wannan hali babbar Sallah ta same ni a tsakiyar Satumba, ranar aiki ce kamar kowace rana, na yi ta a aji da ɗan guzurin da ya rage a aljihuna.

Da fasfo ya dawo sai aka shiga rikicin suna. Sunan Basine harafi biyu ne ko uku na rubutunsu, sunan dangi a gaba, kuma kowane ɗan ƙasa yana da katin shaida mai lamba 18, wanda da shi ake sayen layin waya da tikitin jirgi, da shi ake ganin likita. Kusan dukan na'urorin ƙasar a kan wannan kati aka gina su. Ni kuwa sunana na yanka da na mahaifina da na garinmu duk suna cikin fasfo, saboda haka ma'aikaciyar banki ta jera su yadda ta gani, kamfanin waya ya fara da na ƙarshe, ofishin albashi kuma ya haɗe biyu ya gutsure na uku domin gurbin rubutun ya cika. Kwamfuta ta ɗauke ni mutum uku da ba su san juna ba, kuma muddin sunan bai zo daidai harafi da harafi ba, ba za a haɗa asusun da manhajar biyan kuɗi ta waya ba.

Wanda bai zauna a can ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. A lokacin da na isa, biyan kuɗi da WeChat ko Alipay ya riga ya game gari, har mai sayar da gasasshen dankali a bakin titi yana da ɗan hoton lamba mai murabba'i a jikin kekensa, a haska da waya a wuce. Da wayar ake kiran tasi, da ita ake sa a kawo abinci har ƙofa, da ita abokan aiki suke raba kuɗin liyafa a tsakaninsu. Tsarin da ya sauƙaƙa wa mutum sama da miliyan 21 zaman birnin, shi ne yake barin wanda bai shiga cikinsa ba tsaye a gefen titi yana ɗaga wa motoci hannu suna wucewa, domin kowace an riga an kira ta ta waya. Haka abin yake a wancan lokacin a tashar jirgin ƙasa, inda ɗan ƙasa yake ɗora katinsa a kan na'ura ta turo masa tikiti nan take, mai fasfo kuwa ya bi dogon layin taga.

A nan ne ɗalibaina suka shigo rayuwata ta ƙofar da ban shirya mata ba. Sashe ya haɗa ni da monitan aji, wani yaro mai natsuwa daga lardin Henan, shi ne yake raka ni banki da ofisoshi. Da safe ina tsaye gaban allo ina gyara masa furuci, da yamma yana gaba ina biye da shi, yana yi wa ma'aikaci bayanina, ni kuwa ina murmushi ban san abin da ake faɗa a kaina ba. Bai taɓa nuna gajiya ba. Duk lokacin da aka mayar da mu hannu rabbana, abin da yake cewa shi ne, “Malam, babu damuwa, za mu sake dawowa.” Amma a tarbiyyar da muka taso da ita, malami ba ya son ɗalibinsa ya san adadin albashinsa ko sakamakon gwajin jininsa, wannan yaro kuwa duk ya karanta su, domin shi ne mai fassara mini. Akwai kuma nauyin da yake biyo baya, tun da wanda ya ɓata yammacinsa a layin banki dominka zai zauna ya rubuta maka jarrabawa, kuma dole ka ba shi abin da ya ci, ba abin da kunya ta sa ba. Shi ya sa na roƙi sashe a riƙa rufe sunaye a takardun jarrabawa kafin su zo hannuna.

Magana da gida ma sai da dabara. Google da Facebook da YouTube duk a toshe suke a ƙasar, don haka malamin da ya tara kayan koyarwarsa a akwatin Gmail zai tarar ba shi da hanyar isa gare su sai ta manhajar da ke zagaye shingen, wadda takan yi aiki yau ta ƙi gobe, musamman idan ana wani babban taron siyasa a birnin. WhatsApp yana aiki a shekarata ta farko, daga baya a watan Satumba na 2017 shi ma aka rufe shi, sai na sa kowa a gida ya sauke WeChat, har da Hajiya mahaifiyata, wadda jikokinta suke danna mata. Ga kuma tazarar awa 7 tsakanin Beijing da Kano. Idan na tashi sallar asuba, mutanen gida yanzu suke shirin kwanciya, idan yara suka dawo daga Islamiyya da magariba, ni dare ya raba mini. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan azahar ɗina, sa'ad da suke karin kumallo cikin gaggawar tafiya makaranta, kuma hirar da ake yi ana neman takalmin yaro ba ta cika ƙosar da mai kewa ba. Labarin rasuwa ya fi kowanne ciwo, domin sau da yawa kafin in farka in ga saƙon an riga an kai mamaci makwancinsa, sai dai in yi ta'aziyya ta murya.

Abinci bai zame mini matsalar da aka tsorata ni da ita ba. Musulmi 'yan ƙabilar Hui sun haura miliyan 10 a ƙasar, kuma gidajen abincinsu, masu koren allo da rubutun Larabci a ƙofa a wancan lokacin, suna kusan kowace unguwa. A can ake samun taliyar da ake ja da hannu a gabanka a zuba mata romon naman sa, irin ta birnin Lanzhou, gidajen mutanen Xinjiang kuwa suna da tsiren rago da gurasa da dafa-dukar shinkafa da karas. Jami'ar ma tana da ɗakin cin abinci na Musulmi, inda da safe ake samun kunun gero, ko da yake babu tsami babu yaji. Abin da ya dame ni shi ne lokaci. Ana fara abincin rana tun ƙarfe 11, na dare kuwa da ƙarfe 5 na yamma, kafin ƙarfe 7 an wanke tukwane an kashe fitila. Mutumin da ya saba cin tuwo bayan isha'i sai ya kwana da shayi da burodi har ranar da cikinsa ya yarda da agogon mutane. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa na zo da su daga gida, kilishi ne dai doka ta hana shigowa da shi kamar kowane nama. Da garin masarar kanti nake tuƙa tuwo a ƙarshen mako, kuma maƙwabta ba su ɓoye ra'ayinsu game da ƙamshin daddawa ba, domin duk ranar da na kaɗa miya sai in ji ana buɗe tagogin baranda. A kasuwa kuma farashin da ke jikin allo na rabin kilo ne, wanda shi ne ma'auninsu, ba na kilo ba.

Juma'a ranar aiki ce cikakkiya, don haka abu na farko da na nema daga shugabar sashe shi ne a bar mini tsakar ranar babu darasi, kuma ta yi hakan ba tare da dogon bayani ba. Akwai masallatai a Haidian, amma idan lokaci ya ba ni dama nakan hau layi na 4 na jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Caishikou, in taka zuwa unguwar Niujie, inda masallacin da ya fi kowanne tsufa a birnin yake, wanda aka fara ginawa a shekarar 996. Daga waje rufinsa mai lanƙwasassun kusurwoyi irin na tsofaffin gine-ginen Sin ne, sai an shiga ake ganin ayoyi da ruwan zinariya a jikin jajayen ginshiƙai. Mutanen wurin Hanafawa ne, wa'azi da Sinanci ake yi, alƙibla kuma tana yamma, abin da jikin wanda ya girma yana fuskantar gabas yake daɗewa bai karɓa ba. A unguwar da nake zaune ba a jin kiran salla, waya ce ladanina. Bayan an sallame nakan sayi naman mako a mahautan unguwar, in bi layin binciken jaka da ake yi a ƙofar kowace tasha, in biya kuɗin jirgi da yake farawa daga yuan 3, in koma.

Akwai wata matsala da ba a cika rubuta ta a labarin tafiya ba, amma duk Musulmin da ya zauna a can ya san ta. Bayan gida na jama'a ba shi da buta, ba shi da famfo a kusa, sau da yawa ma ko takarda babu, kowa da tasa yake yawo. Sai na mayar da gorar ruwa ta roba abokiyar tafiya a cikin jakar littattafai. Alwala a wurin wanke hannu na ginin azuzuwa kuma takan tara 'yan kallo, musamman idan an zo wanke ƙafa, a watan Janairu kuwa ruwan famfon har cikin ƙashi ake jin sa. Abin da ya cece ni shi ne tankin ruwan zafi da ke kowane hawa na ginin, domin Sinawa ba sa shan ruwan famfo sai an tafasa, kuma kowane ɗalibi da 'yar gorarsa ta ruwan zafi yake zuwa aji, rani da hunturu.

A wurin aiki, abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sanarwar ƙurarren lokaci. Sai a turo saƙo da daddare cewa gobe da safe akwai taro, ko an sauya ɗaki, ko ana buƙatar malaman waje su zo a ɗauki hoto da baƙi. Abokan aikina Sinawa ba sa ganin abin a matsayin raini, domin su ma haka ake yi musu, kuma daga sama umarnin yake gangarowa. Hutu ma yana da nasa sharaɗi. An ba mu mako guda daga 1 zuwa 7 ga Oktoba saboda bikin kafuwar ƙasa, amma Asabar da Lahadin da suka biyo baya, 8 da 9 ga wata, sai aka mayar da su ranakun aiki domin a rama, aka kuma ce a bi jadawalin wasu ranakun mako a cikinsu. Kowa ya san da wannan tun farkon shekara, shi ya sa babu wanda ya ga dalilin gaya wa baƙo.

Ajin kansa shi ne wurin da na fi samun natsuwa, ko da yake shi ma sai da na koyi halinsa. Waɗannan yara sun fito ne daga jarrabawar shiga jami'a da ake yi a watan Yuni, wadda mutum sama da miliyan 9 suka zauna a shekarar da na isa, kuma horon da ta yi musu yana nan a jikinsu. A ba su jerin jam'in sunaye, wanda ɗaliban Turai suke kuka da shi, gobe su kawo shi a haddace babu tuntuɓe. Amma a jefa tambaya a tsakiyar aji, sai kowa ya sunkuyar da kai, har wanda na tabbata ya san amsar, domin yin kuskure a gaban jama'a zubar da mutunci ne, yin fice kuma rashin kunya ne. Da na raba su biyu-biyu na sa su ciniki, wannan mai tumatir wancan mai saye, sai ajin ya cika da “albarka” da “rage mini”, har malamin ɗakin da ke kusa ya leƙo. Tambayoyin da aka ƙi yi a aji kuwa ta waya suke zuwa, wani lokaci ƙarfe 12 na dare, cikin ladabi da ban haƙuri, amma dai ana sa ran amsa.

Sanyin da ya fi wahalar da ni ba na tsakiyar hunturu ba ne. A arewacin Sin hukuma ce take tura ruwan zafi cikin bututun ɗumama gidaje, kuma a Beijing ana buɗe shi ne ranar 15 ga Nuwamba a rufe 15 ga Maris. Sanyi ba ya jiran kalanda, saboda haka makonnin da ke gaban ranar buɗewa mutum da rigar sanyi da hula yake kwana a cikin ɗakinsa. Da aka buɗe kuma sai iska ta bushe, leɓe ya tsage, duk ƙarfen ƙofar da aka taɓa ya ja hannu, man kaɗanyar da uwargida ta cusa mini a jaka ina gardama ya zama abin da nake auna shi da cokali. A tsakiyar Disamba aka yi hayaƙin da ya sa hukuma ta ɗaga gargaɗi mafi girma daga 16 zuwa 21 ga wata, aka dakatar da karatu a makarantun yara, motoci kuma suka riƙa fita bisa lambarsu, masu mara yau, masu cika gobe. Ga wanda ya tashi a Kano kamanninsa na hazon hunturu ne, sai dai wannan yana da ƙaurin kwal, kuma yana kwana a maƙogwaro. Daga kwal ɗin ɗumama gidaje yake fitowa, da masana'antun lardin Hebei da ya kewaye birnin, da motoci, duwatsun da ke arewa da yamma kuma su tare shi har sai iskar arewa ta taso ta kore shi. Na koyi duba ma'aunin gurɓatar iska a waya kafin in duba na zafi, na kuma saba da koyarwa ga fuskokin da takunkumi ya rufe rabinsu.

Gaisuwa ce abin da na fi kewa, fiye da tuwo. Mutum ya shiga na'urar hawa bene da maƙwabcin da suke haɗa bango, su hau hawa goma babu wanda ya ce uffan, kuma ba gaba ake yi ba, haka zaman yake. A gefe guda kuma wanda bai taɓa ganinka ba zai iya tambayarka shekarunka da albashinka da yawan 'ya'yanka a zama ɗaya, idan ka faɗi yawan 'ya'yan ya riƙe baki, domin sai a farkon 2016 aka yarda kowane ma'aurata su haifi biyu. A Haidian, inda ɗaliban waje suka yi yawa, ba a cika damuwa da baƙar fata ba, amma a wuraren yawon buɗe ido, inda mutanen karkara suke zuwa, akan ɗauke ni hoto ba a tambaye ni ba, yaro ya nuna ni da yatsa, tsohuwa ta matso ta duba hannuna. Ranar da na sa babbar riga da hula kuwa sai abin ya ninka. Yawancinsa son sani ne, ba ƙiyayya ba, amma wanda ake kallo kullum yana gajiya ko da kallon na alheri ne, kuma akwai ranakun da kujerar da ke gefena a jirgi takan zauna babu kowa alhali mutane suna tsaye. Aski ma sai da na sayi injina na koyi yi wa kaina, bayan da wanzaman unguwa suka duba gashina suka yi shawara a tsakaninsu suka ba ni haƙuri.

Sabuwar shekararsu ta faɗo ranar 28 ga Janairu na 2017. Ɗalibai suka watse, miliyoyin ma'aikatan da suka zo ci-rani suka koma garuruwansu, mai taliyar unguwarmu, mutumin lardin Qinghai, ya rufe shago ya tafi, ɗakin cin abincin Musulmi ma aka rufe. Birnin ya zama fayau da rana, da dare kuma wasan wuta ya hana barci.

Aika kuɗi gida, wanda shi ne dalilin da ya sa yawancinmu muke jure zaman waje, yana da nasa dogon layi. A lokacin baƙo ba zai canja fiye da dala 500 a rana ba sai ya kawo kwantiragin aiki da shaidar biyan haraji, kowacce da jan hatiminta, sannan a cika takardun turawa, a cire lada a nan a cire a hanya. A wannan lokacin naira tana faɗuwa, har dala ta kai 500 a kasuwar bayan fage a farkon 2017, saboda haka abin da banki zai ba iyali a farashin hukuma ya yi nisa da abin da kuɗin zai saya a kasuwa. Mafitar da mutane da yawa suke bi ita ce ta 'yan kasuwarmu da ke sayayya a Guangzhou: suna buƙatar yuan a can, suna da naira a Kantin Kwari, kai kuma kana da yuan kana buƙatar naira a gida. Hanya ce da ba ta da takarda sai amana, kuma ba a shiga ta sai da wanda aka san gidansu.

Ban san ranar da abubuwa suka fara sauƙi ba, domin a hankali suka yi. Sunana ya daidaita a banki, waya ta fara biya, na haddace sunayen tashoshin da nake bi da surar wasu haruffa, musamman na naman alade da na ƙofar fita. Mai gadin ƙofarmu, wanda ya yi watanni yana bina da ido kawai, ya fara ɗaga mini hannu yana tambaya ko na ci abinci. A bazarar nan ce kekunan haya da ake buɗewa da waya suka cika titunan birnin, na daina jiran bas. Bazarar ma ba ta zo hannu sake ba, domin a Afrilu bishiyoyin gefen titi sukan saki wata farar auduga mai shiga hanci da ido, ranar 4 ga Mayu kuma ƙura ta taso daga hamadar arewa ta mayar da sama ruwan ƙasa. Takaicin bai ƙare ba, amma na daina ɗaukar kowanne a matsayin abin da aka shirya domina.

Azumi ya kama a ƙarshen Mayu, lokacin da rana ta fi tsawo. Beijing tana can arewa sosai, don haka alfijir yakan keto wajen ƙarfe 3 na dare, rana kuma ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 8 saura kwata, wato azumin fiye da awa 16, ga zafin da yake haura digiri 30, ga darasin ƙarfe 8 na safe bayan barcin da bai taka kara ya karya ba. Ɗakin cin abinci yana rufewa tun rana tana sama, saboda haka mai taliya ne yake ajiye mini kujera da kofin shayi, mu sha ruwa tare da shi da yaransa kafin ya koma kan tukunya. Ɗalibai da suka fahimci ba na shan ko ruwa sai suka daina buɗe gorunansu a gabana, na ce musu su sha abinsu, suka ƙi.

Mutanen gida sun yi Sallah ranar Lahadi 25 ga Yuni, mu kuwa sai Litinin. Na yi sammako zuwa Niujie, na tarar an cika masallacin har farfajiya, fararen huluna ko'ina, ga 'yan Pakistan da Larabawa da 'yan Afirka ta Yamma a tsakaninsu, 'yan sanda suna karkatar da motoci daga titin da masu sayar da soyayyen abinci suka mamaye. Ban daɗe ba, domin an sa jarrabawar baka ta 'yan aji biyu da ƙarfe 2 na rana. Ina cikin jirgi a hanyar komawa saƙo ya shigo wayata da Sinanci cewa an sauya wurin da za a yi ta. Lambar ginin da ta ɗakin na karanta da kaina, sauran bayanin kuma na tura wa monita.